Babi na Shida: Matan da Suka Kai Jirage Bakin Daga

Jirgin yaƙi, komai ƙarfin injinsa, ba shi da wani amfani muddin yana zaune a harabar masana'antar da ta ƙera shi. Sai wani ya hau ya tayar da shi, ya kai shi ma'ajiyar da za a ɗora masa bindigogi da rediyo, daga can kuma wani ya sake ɗaukarsa zuwa sansanin da mayaƙa ke jira. In abokan gaba sun yi masa rauni bai mutu ba, wani ne zai lallaɓa da shi zuwa wurin gyara. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suka fi sani da Yaƙin Hitila, wannan kai-da-kawo ya zama sana'a mai zaman kanta, da ma'aikatanta da dokokinta da kaburburanta. Mutanen ƙasar Hausa ma sun ga wani yanki nata da idonsu. Tun daga 1940 ake sauke jirage cikin akwatuna a tashar ruwa ta Takoradi a Gwalkwas, a harhaɗa su, a taso da su ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har su kai Alƙahira. Waɗanda suka tuƙa su ta sararin Kano maza ne. A Ingila da Amurka kuwa, cikin masu wannan aiki akwai mata, kuma abin da nake son tabbatarwa a wannan babi shi ne, aikin da suka yi aikin yaƙi ne cikakke, hujjar hakan tana cikin yadda suke wuni da yadda suke kwana, kuma duk inda aka tauye musu haƙƙi, da gangan aka yi, ba don an rasa shaida ba.

A Ingila ƙungiyar da ta ɗauki wannan nauyi ita ce ATA, rundunar farar hula ta jigilar jirage, wadda Gerard d'Erlanger ya kafa a 1939, ta kuma yi hedikwata a White Waltham, yamma da Landan. Tun asali matattara ce ta waɗanda rundunar sojan sama ba za ta ɗauka ba: masu shekaru, masu raunin gani, har da mai hannu ɗaya da ido ɗaya kamar Stewart Keith-Jopp. Duk da haka, da maganar mata ta taso sai aka yi ta ja. Pauline Gower ce ta tsaya kai da fata. Kafin yaƙi ta yi shekaru tana yawon gari-gari da ƙaramin jirgi tana ɗaukar fasinjoji 'yan kallo, ta san aikin ciki da bai, mahaifinta kuma ɗan majalisa ne, don haka ta san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa. Ranar 1 ga Janairun 1940 mata takwas suka kama aiki a Hatfield, kowace da ɗaruruwan sa'o'i na tuƙi a bayanta. Abin da aka amince su taɓa shi ne Tiger Moth kawai, ƙaramin jirgin koyo mai fukafukai hawa biyu, marar rufi, wanda in ya faɗi asarar ba ta da yawa. Suka yi ta kai irinsa arewacin Ingila da Sikotilan a cikin wani hunturu da ya yi suna wajen tsanani, iska mai ƙanƙara na dukan fuska sa'o'i a jere, har wata kan sauka ƙafafunta sun sandare sai an kama ta an fito da ita. Sun san cewa in ɗaya ta yi kuskure, za a ce mata ne duka suka kasa. A watan Yulin 1941 aka bar Winifred Crossley ta tashi da Hurricane, jirgin farauta na sosai, daga nan kuma ƙofa ta buɗe.

Mu dubi wuni guda a Hamble, kusa da Southampton, sansanin da mata zalla ke aiki a ƙarƙashin Margot Gore. Da safe matuƙa na hallara, kowace ta miƙa hannu ta karɓi 'yan takardun da ke ɗauke da aikinta na ranar: irin jirgin, lambarsa, inda za ta ɗauke shi, inda za ta ajiye shi. Sai ta leƙa ofishin masu duba yanayi, ta leƙa ɗakin taswira don ta ga inda aka ɗaga balan-balan na tsaro yau, waɗannan manyan buhunan iska da ake ɗaure wa igiyoyin ƙarfe a kan birane don su yanke fiffiken jirgin abokan gaba, waɗanda kuma ba sa bambance na gida da na waje. Ta saɓa laimarta ta tsira, ta ɗauki 'yar jakar kwana, domin ba ta da tabbacin inda dare zai riske ta. Wani jirgi mai suna Anson ne tasinsu: ya kwashe su da safe ya rarraba a masana'antu, da yamma ya bi ya tattaro waɗanda ya iya samu. Wadda ya rasa, sai ta nemi jirgin ƙasa na dare, cike maƙil da sojoji, fitilu a dushe saboda tsoron bam, ta zauna a kan laimarta a lungu har asuba. A wuni ɗaya mace kan tuƙa jirage uku ko huɗu, kuma ba lallai su zama iri ɗaya ba: Spitfire da hantsi, jirgin bam mai inji biyu da azahar, wani gajiyayyen jirgin koyo da la'asar. In kuwa hazo ya rufe, sai zama. Wata na ɗinki, wata na karta, wata na rubuta wasiƙa, kowa na leƙen taga. Ranakun aiki goma sha uku ne a jere kafin hutun kwana biyu.

Ta yaya mutum zai hau jirgin da bai taɓa gani ba ya tashi da shi shi kaɗai? Nan ne basirar ATA ta fito, kuma nan ne ya kamata mai son fahimtar matan nan ya daɗe. An kasa jirage aji shida, daga ƙanana masu inji ɗaya har manya masu inji huɗu da masu sauka a ruwa. In matuƙiya ta ci jarrabawar aji guda, to duk jirgin da ke cikin ajin nan ya zama nata, ko ta san shi ko ba ta san shi ba. Abin dogaronta wani ɗan littafi ne na katuna da aka huda aka ɗaure da zobba, mai shiga aljihu. Kowane kati na jirgi ɗaya ne: gudun da zai kai kafin ya ɗaga, gudun da in ya gaza shi zai zubo, yadda ake juya tankunan mai, abin da za a yi in ƙafafun sauka suka ƙi fitowa. Takan buɗe katin a kan gwiwarta tana karantawa makanikai na tsaye suna jiran ta ba da alama, wani lokaci ma sai tana sama take duba yadda ake saukar da shi. Da wannan tsari Lettice Curtis ta zama mace ta farko da aka yarje wa jiragen bam masu inji huɗu, kuma kafin yaƙi ya ƙare mata goma sha ɗaya sun kai wannan matsayi. Mary Wilkins, wadda aka fi sani da Mary Ellis, ta kai jirage kusan 1,000 iri 76. Ta sha ba da labarin ranar da ta sauke wani jirgin bam mai suna Wellington a wani sansani, ma'aikatan ƙasa suka ƙi yarda ita ta kawo shi, har suka shiga ciki suna neman direban. Tsarin bai san namiji ko mace ba. Kati ɗaya ne, jarrabawa ɗaya, kuma jirgin bai taɓa tambayar wanda ke riƙe da sitiyarinsa ba.

Babban abokin gabarsu yanayi ne. Jiragen da suke kaiwa galibi babu harsashi a bindigoginsu, babu rediyon da za su kira ƙasa, kuma ba a koya musu tuƙi cikin gajimare da na'urori kaɗai ba. Doka ta ce ka tsaya ƙasa da gajimare, idonka na ganin ƙasa. Taswira da kamfas da agogo su ne jagora, sai layin dogo da kogi da tsohon titi. Amma sararin Ingila ba shi da alkawari: ka tashi gari garau, bayan rabin sa'a gajimare ya sauko ya haɗe da tudu. Kowace matuƙiya ita ke yanke wa kanta hukuncin tashi ko zama, ba mai tilasta mata, kuma wannan 'yanci nauyi ne, domin ta san ana jiran jirgin, ta kuma ga wasu sun tashi. Ranar 5 ga Janairun 1941 Amy Johnson, wadda duniya ta sani tun 1930 da ta tuƙa jirgi ita kaɗai daga Ingila zuwa Ostareliya, ta tashi daga Blackpool da wani jirgi mai suna Oxford za ta kai shi Kidlington, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba. Gajimare ya rufe mata ƙasa. Bayan sa'o'i aka ga laima na saukowa a bakin kogin Thames, nesa ƙwarai da hanyarta. Kwamandan wani jirgin ruwa da ke kusa, Walter Fletcher, ya faɗa ruwan sanyin nan don ceto, shi ma sanyin ya yi ajalinsa. Ba a taɓa samun gawarta ba. In ƙwarewa irin tata ba ta hana ba, to mai karatu ya auna abin da sauran ke fuskanta kullum safiya. Cikin mata 168 da suka yi tuƙi a ATA, 15 sun rasu a bakin aiki, kusan ɗaya cikin goma sha ɗaya.

Mai musu zai ce, duk da haka ba su yi faɗa ba. Ba su jefa bam ba, ba su harbo kowa ba, kuma in ana neman matan da suka shiga wuta da gaske, sai a tafi Tarayyar Sobiyet, inda Marina Raskova ta kafa rundunonin mata uku a 1941, suka yi ta kai farmaki dare da rana. Wannan gaskiya ne, kuma ba na neman a ɗauke wa mayaƙi girmansa a ba wani. Sai dai ma'aunin ya yi ƙunci. A kowace runduna ta zamani masu harbi su ne 'yan tsiraru. Mafi yawan masu kaki direbobi ne da makanikai da masu dafa abinci da akawu, kuma babu wanda ya taɓa cewa direban motar soja ba soja ba ne don bai harba bindiga ba. ATA ta kai jirage sama da 309,000 iri 147 cikin shekara shida. Kowace tafiya da farar hula ya yi, matuƙin yaƙi guda ne aka bari ya huta ko ya tashi farmaki. A lokacin da Ingila ke ƙera jirage fiye da yadda take iya horar da masu tuƙa su, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma mutuwa a gefen tudu cikin hazo, da jirgin gwamnati, a kan umarnin gwamnati, ba ta fi mutuwa a sararin Jamus sauƙi ga uwar da aka kai wa saƙo ba.

Ingila ta amsa wannan hujja ta hanyar da ba ta da ruɗani, wato albashi. Da farko ana biyan matan ƙasa da maza da kashi 20 cikin 100, kamar yadda aka saba a aikin gwamnati. Gower ta bi maganar a hankali, 'yar majalisa Irene Ward ta tayar da ita a zauren majalisa, kuma a 1943, zamanin da Stafford Cripps ke ministan ƙera jirage, aka daidaita albashin mace da na namiji mai muƙami ɗaya. Ana lissafa wannan cikin lokutan farko da gwamnatin Birtaniya ta yi haka. Abin lura shi ne yadda hujjar ta kasance mai wuyar kaucewa. A ofis ana iya cewa aikin wane ya fi na wance nauyi, ba mai iya aunawa. A nan kuwa ga takardar aiki, ga lambar jirgi, ga sa hannun wanda ya karɓa.

A Amurka aikin iri ɗaya ne, sakamakon ya sha bamban. A watan Satumban 1942 Nancy Harkness Love ta tara ƙwararrun mata kusan talatin a sansanin New Castle da ke jihar Delaware don jigilar jirage, ita kuma Jacqueline Cochran, wadda ta riga ta kai Amurkawa mata 25 Ingila suka shiga ATA, ta buɗe makarantar horarwa a Texas. A watan Agustan 1943 aka haɗe su suka zama ƙungiya ɗaya mai suna WASP. Mata kusan 25,000 suka nema, aka ɗauki 1,830, guda 1,074 suka gama horo. A filin Avenger da ke Sweetwater, cikin ƙura da zafin yammacin Texas, suna kwana shida a ɗaki, ana tashinsu da ƙaho, suna fareti, suna sanye da ragowar rigunan aikin maza waɗanda sai an nannaɗe hannu da ƙafa. Ƙasarsu faɗi gare ta, don haka tafiya guda kan ci kwanaki: a ɗauki Mustang daga Kalifoniya zuwa Newark inda za a loda shi a jirgin ruwa, ko a ɗauki Kingcobra daga jihar New York zuwa Great Falls a Montana, inda zai bi ta Alaska ya isa hannun Sobiyet. Cikin matsattsen jirgin farauta babu wurin kaya, sai 'yar riga da buroshi a cusa a wani lungu. Sun kai jirage 12,650 iri 78. Wasu kuma an sa su jan ƙyallen da masu koyon harbo jirgi ke auna wa da harsashi na gaske. A 1944, lokacin da matuƙa maza ke ɗari-ɗari da sabon jirgin bam na B-29 saboda injinsa na kama wuta, wani hafsa mai suna Paul Tibbets ya horar da mata biyu, Dora Dougherty da Dorothea Moorman, suka zaga sansanoni da shi don a ga yana tuƙuwa.

Duk wannan a matsayin farar hula suka yi shi. Suna ƙarƙashin horon soja da umarnin soja, amma a takarda ma'aikatan gwamnati ne kawai. Abin da hakan ke nufi yakan fito fili ranar da aka yi rashi. Cornelia Fort ce ta fara rasuwa a bakin aiki, a watan Maris na 1943, da wani jirgi ya gogi nata a sararin Texas. Hazel Ying Lee, Ba'amurkiya 'yar asalin Sin, ta rasu a watan Nuwamban 1944 bayan jirginta ya yi karo da wani wajen sauka a Great Falls. Gertrude Tompkins ta tashi daga Los Angeles da Mustang a watan Oktoban shekarar, har yau ba a ga ko ɓurɓushinsa ba. Gaba ɗaya, mata 38 ne suka rasu. Rundunar ba ta da hurumin biyan kuɗin kai gawa gida, ba inshorar soja, ba jana'izar girmamawa. Sau da yawa abokan aiki ne ke yin karo-karo su sayi tikitin jirgin ƙasa, ɗaya daga cikinsu ta raka akwatin har ƙofar iyaye. Ban san wata hujja da za ta wanke ƙasar da ta karɓi ran 'yar mutane a bakin aikinta, sannan ta bar ƙawayenta da tara kuɗin makara ba.

Janar Henry Arnold, shugaban sojan saman Amurka, ya nemi majalisa ta mayar da su sojoji. Amma a 1944 iska ta juya. Asarar matuƙa a fagen daga ba ta kai yadda aka yi tsammani ba, aka fara rufe makarantun koyon tuƙi, dubban malamai maza farar hula suka ga za su rasa aiki a tura su sojan ƙasa. Suka yi ta kai ƙorafi ga 'yan majalisa da jaridu cewa mata sun tare musu gurbi. Tsoronsu na gaske ne, kuma mutumin da ke ganin za a ɗauke shi daga kujerar jirgi a miƙa masa bindiga ya shiga rami ba abin raini ba ne. Amma a lura da abin da wannan ƙorafi ya ƙunsa: ba wanda ya iya nuna cewa matan sun kasa. Maganar ita ce wa ya fi cancantar gurbin in gurbi ya yi kaɗan, kuma amsar da aka bayar tun kafin a duba aikin kowa aka yanke ta. Ko da an yarda a rage su don yaƙi ya kusa ƙarewa, me ya hana a sallame su a matsayin tsofaffin sojoji, da haƙƙin asibiti da na karatu kamar kowa? A watan Yuni majalisar wakilai ta yi watsi da ƙudurin da ƙuri'a 188 a kan 169. Ranar 20 ga Disamban 1944 aka rushe WASP, yaƙi bai ma ƙare ba, da yawansu da kuɗin aljihunsu suka koma gida. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

Akwai wata suka da ta fi waɗannan nauyi, kuma dole a karɓi rabinta. Ana cewa matan nan 'yan gata ne, 'yan tsiraru, ba su wakilci talakawan mata da suka cika masana'antu da gonaki ba. Lalle kafin yaƙi koyon tuƙin jirgi sai mai hali, kuma na farkon da yawansu 'ya'yan masu kuɗi ne, irin su Diana Barnato Walker. Jaridu ma sun ƙara wa abin gishiri: hoton Maureen Dunlop, 'yar Ajantina, da ya fito a bangon mujallar Picture Post a 1944, tana gyara gashi da laima a kafaɗa, ya fi duk wani rahoton aiki yaɗuwa. A Amurka kuma WASP ta rufe ƙofa ga baƙaƙen fata. Mildred Hemmons Carter, wadda ke da lasisin tuƙi, an mayar da ita saboda launinta, kuma wannan tabo ne da bai kamata a ɓoye ba. Sai dai ƙungiyoyin ba su tsaya yadda suka fara ba. ATA ta ƙare da ɗaukar 'yan mata da ba su taɓa riƙe jirgi ba tana koya musu daga tushe, ta kuma tara mata daga ƙasashe da dama: Jadwiga Piłsudska da Anna Leska daga Folan da aka mamaye, Margot Duhalde daga Chile, wadda ta iso ba ta ma jin Turanci sosai. Gata na iya kai mutum bakin jirgi, amma ba ya ratsa masa hazo, kuma sunayen da ke kan allunan tunawa sun haɗa 'yar mai kuɗi da 'yar talaka.

Ingila ma, da duk adalcinta na albashi, ba ta riƙe su ba. An rufe ATA ranar 30 ga Nuwamban 1945, kamfanonin jiragen fasinja suka cika da mazan da suka dawo daga yaƙi, kaɗan ne cikin matan suka ci gaba da cin abinci da tuƙi. Pauline Gower ta rasu a 1947 wajen haihuwar tagwaye. Mary Ellis ta riƙe filin jirgin Sandown shekara ashirin, ta kuma rayu har 2018, tana da shekara 101. Sai a farkon shekarun 1990 rundunar sojan saman Birtaniya ta fara ba mata cikakken aikin tuƙi. A Amurka, abin da ya farkar da tsofaffin 'yan WASP shi ne sanarwar da aka yi a tsakiyar shekarun 1970 cewa za a fara horar da mata su tuƙa jiragen soja, ana ta faɗi kamar ba a taɓa yi ba. Suka fito da littattafan tuƙinsu da takardun umarni, Sanata Barry Goldwater, wanda shi ma jigilar jirage ya yi a yaƙin, ya mara musu baya, kuma a 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta amince cewa tsofaffin sojoji ne. Babu wata sabuwar shaida da aka gano a shekara talatin da ukun da ke tsakani. Takardun da aka duba a 1977 su ne ke nan tun 1944. A 2009 aka amince a ba su lambar zinariya ta majalisa, aka miƙa ta a 2010, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Ko bayan haka, da Elaine Harmon ta rasu a 2015, an hana iyalinta ajiye ta a maƙabartar sojoji ta Arlington, sai da majalisa ta sake yin wata doka a 2016 kafin aka karɓe ta.